A Mayar Wa Matasa Da Dandalinsu: Batun Filayen Wasa A Ƙanƙara, Faskari Da Sabuwa

Duk lokacin da aka zauna domin tattauna halin da ƙananan hukumomin Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa suke ciki, abin da yake fara fitowa daga bakin kowa shi ne tsaro, daga nan sai taki, sai hanya, sai ruwan sha da asibiti. Babu mai ganin laifin haka, domin wanda bai samu barci ba, ba ya da sararin zancen wasa. Sai dai akwai wata buƙata da ba kasafai take shiga jerin koke-koken da ake kai wa shugabanni ba, saboda masu ita ba a shimfiɗa masu tabarma a wurin taro. Wannan buƙata ita ce ta filin da yara da matasa za su riƙa taruwa suna wasa a cikin garinsu, a kan idon iyayensu. A ganinmu lokaci ya yi da shugabannin ƙananan hukumomi da kansiloli da hakimai da magaddai za su ɗauki wannan magana a matsayin aiki, su kuma fara ta daga tushe, wato keɓe filin da yi masa takarda tun kafin a yanka shi fuloti-fuloti.

Ƙidayar jama'a ta shekarar 2006 ta nuna cewa waɗannan ƙananan hukumomi uku suna ɗauke da mutum sama da 570,000, Ƙanƙara ce kan gaba, sai Faskari, sannan Sabuwa. Jaririn da aka haifa a shekarar ƙidayar ya zama saurayi ko budurwa, wasu ma har sun ajiye iyali. A faɗin Nijeriya, fiye da kashi 40 cikin 100 na jama'a ba su kai shekara 15 ba, kuma duk wanda ya shiga kasuwar Sheme ko ya tsaya bakin tasha a Ƙanƙara da la'asar zai gane cewa a wajenmu lamarin bai gaza haka ba. Tambayar ita ce: idan aka tashi daga makaranta, aka dawo daga gona, aka sauko daga karatun allo, ina wannan taron yara yake nufa?

Abin da muka gada, da yadda ya kuɓuce

A da amsar tana da sauƙi. Kowane gari yana da dandali, galibi kusa da ƙofar gidan mai gari ko bakin kasuwa. Da farin wata ya fito bayan an yi girbi, 'yan mata su kafa gaɗa, samari su shiga langa da kokawa, ƙanana su yi ta guje-guje har barci ya kwashe su. Da kaka mahauta su kafa dambe, makaɗa su zo daga nesa, Fulani kuma su yi sharo a ranar kasuwa. Ba gwamnati ce ta gina dandali ba, kuma ba a taɓa sa shi cikin kasafin kuɗi ba. Amma yana da tsari: akwai sarkin samari, akwai dattawan da ke zaune nesa kaɗan suna lura, akwai lokacin watsewa. A nan yaro yake koyon cewa idan an kayar da shi zai tashi ya kaɗe jikinsa, gobe ya dawo, ba tare da ya je gida ya ɗauko makami ba.

Abubuwa da dama ne suka haɗu suka kashe dandali, amma biyu sun fi tsanani a wannan yanki. Na farko shi ne rashin tsaro. Idan za a iya tunawa, a watan Maris na 2014 an kai munanan hare-hare a ƙauyukan Faskari, ciki har da Mararrabar Maigora, inda aka rasa rayuka masu yawa. A watan Yuni na 2020 aka auka wa Kadisau. A daren Juma'a 11 ga Disamba 2020 aka kwashe ɗaliban Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Gwamnati da ke Ƙanƙara, sai ranar 17 ga watan aka sako 344 daga cikin daji, lamarin da ya sa aka rufe makarantun kwana na wani lokaci. A 2021 gwamnatin Alhaji Aminu Bello Masari ta hana motocin haya bin hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme, aka kuma katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13, waɗannan ukun duk suna ciki. A watan Yuni na 2024 kuma sai ga harin 'Yargoje. Ma'anar wannan jeri ita ce, yaron da aka haifa a 2014 a ƙauyen da ke bakin daji ya wuce shekara goma a duniya bai taɓa sanin wasan dare ba. Abin da ya sani game da dare shi ne a kashe fitila, a yi shiru, a kasa kunne ko za a ji ƙarar babura.

Na biyu kuwa ba ya da ƙara, shi ya sa ba a cika lura da shi ba. Da mutanen ƙauyuka suka yi gudun hijira zuwa manyan garuruwa, buƙatar wurin zama ta ƙaru, farashin fili ya tashi. Duk wani sarari da ke cikin gari sai ya zama abin sha'awa. Yau a ga an kafa rumfa a gefen filin da yara ke buga ƙwallo, gobe a zuba yashi, jibi a ga dillali da igiyar awo. Filayen makarantun firamare ma ba su tsira ba, musamman waɗanda ba su da katanga: maƙwabci ya ci taku biyar ya shuka masara, na kusa da shi ya ci goma ya fitar da shago. Yaran da aka kora ba su da bakin kai ƙara, sai su kwashe duwatsun da suka yi raga da su, su koma kan titi. Bindiga tana iya yin shiru wata rana, dandali ya dawo. Filin da aka gina gida a kansa kuwa ba ya dawowa.

Inda zaman banza yake kai yaro

Ba ma cewa rashin filin wasa ne ya haifar da ta'addanci. Tushen wannan fitina ya haɗa da rikicin gona da burtali, da satar shanu, da rashin adalci, da yawaitar makamai, da talauci. Amma kowa ya san cewa masu ɓarna suna neman 'yan aike, da masu kai masu mai da burodi, da masu ba su labari, waɗanda ake kira infoma. A ina suke samunsu? Cikin samarin da ke yini a gindin bishiya ba aikin fari ba na baƙi, waɗanda ba wanda zai tambaya idan ba a gan su ba kwana uku. Yaron da ke cikin ƙungiyar ƙwallo ko ta kokawa yana da mai horarwa da ya san sunansa da gidansu. Idan bai zo ba za a ce ina wane. Wannan tambaya, ƙarama ce a baki, amma irin ta ce take ceton yaro tun bai yi nisa ba.

Ga kuma batun ƙwaya. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta gudanar tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi a 2018 ya gano cewa mutum miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 suna ta'ammali da kayan maye a Nijeriya. A shekarar ce kuma Gwamnatin Tarayya ta haramta haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin. Haramci yana da amfani, kame ma haka, amma idan aka ƙwace kwalba daga hannun yaro ba a sa masa wani abu a hannun ba, zai nemi sholisho ko tiramol. Ƙasar Aisland da ke arewacin Turai ta gwada wata hanya. A 1998 kashi 42 cikin 100 na yaransu masu shekara 15 zuwa 16 sun ce sun bugu da giya a cikin watan da ya gabata, zuwa 2016 adadin ya sauko kashi 5. Abin da suka yi shi ne suka zuba kuɗi a ƙungiyoyin wasanni, suka sa dokar hana yara yawon dare, suka kuma ɗaure iyaye da alkawarin zama da 'ya'yansu. Arzikinsu ba namu ba ne, amma biyu daga cikin ukun nan ba kuɗi suke ci ba, kuma mun san su tun kafin su sani.

Darasi daga masu allon taya

Akwai wani wasa da ya bazu cikin matasan duniya, wanda ake hawa wani ɗan katako mai ƙananan tayoyi huɗu ana zamiya a kan daɓen siminti, ana tsalle ana juyi. Wasu na kiransa wasan zamiya, mu za mu kira katakon allon taya. Ɗan'uwansa shi ne takalmi mai taya, wanda wasu samari a Kano da Katsina suke ɗaurawa su kama bayan mota ko Keke Napep a kan kwalta, abin da ke tayar da hankalin duk mai kallo. Wasan allon taya ya shiga gasar Olamfik a karon farko a birnin Tokiyo, gasar da aka gudanar a 2021, inda wata yarinya 'yar Japan mai shekara 13, Momiji Nishiya, ta ci lambar zinariya. Turawa suna da wani wasan zamiyar da suke yi a kan ƙanƙara, sai dai tamu Ƙanƙarar suna ne kawai, ba ta da santsi.

Dalilin da ya sa muka kawo zancen shi ne yadda aka gina filayen wannan wasa a wuraren da ba su fi mu wadata ba. A unguwar Kitintale da ke birnin Kamfala na ƙasar Yuganda, wani matashi mai suna Jackson Mubiru da abokansa ne suka gina nasu da hannunsu a tsakiyar shekarun 2000, da bulo da siminti, ba ɗan kwangila. A birnin Adis Ababa na ƙasar Habasha, matasa da 'yan sa-kai suka gina nasu a 2016. A birnin Kabul na Afganistan, inda yaƙi ya ɗaiɗaita, wani ɗan Ostireliya mai suna Oliver Percovich ya fara koya wa yaran titi wasan a 2007, abin ya girma ya zama ƙungiyar Skateistan, wadda ta haɗa filin wasa da ajin karatu a rufi ɗaya. Yaro ya zo don allon taya, sai ya tarar da allon rubutu yana jiransa. Kafin sauyin gwamnati na 2021, yara mata suna da kaso mai tsoka a cikin ɗalibansu, har wani fim da aka yi a kansu ya ci babbar kyautar finafinai ta Amurka a 2020.

Amma darasin da ya fi shafarmu daga ƙasar Gana ya fito. A watan Disamba na 2021 aka buɗe wani kyakkyawan filin wannan wasa a birnin Akara, da tallafin masu hannu da shuni daga ƙasashen waje, aka yi biki aka watsa a duniya. A 2023 rigimar mallakar fili ta taso a kansa, har wasa ya tsaya a wurin. Siminti mai kyau, zane mai kyau, amma ƙasar da ke ƙarƙashi tana da mai jayayya. Duk wanda zai zuba buhu ɗaya na siminti a Daudawa ko Ketare ko Damari, ya fara tambayar takardar filin.

Wani zai ce wannan baƙon wasa ne, me ya haɗa ɗan manomi da shi? Mutanen Katsina su ne na ƙarshe da ya kamata su yi wannan magana. Ƙwallon dawaki baƙo ne lokacin da Sarki Muhammadu Dikko, wanda ya yi sarauta daga 1906 zuwa 1944, ya karɓe shi ya kafa shi a Katsina. Ɗansa Sarki Usman Nagogo ya ƙware a kansa har sunansa ya zaga duniya, yau kuwa ba mai raba Katsina da wannan wasa. Ƙwallon ƙafa ma da Turawa ya zo. Ban da haka, yaran da ke haɗa katako da boris su yi motar da suke gangarawa da ita kan tudu sun riga sun san rabin abin, ba wanda ya koya masu. Duk da haka ba allon taya muke roƙo ba. Yana da tsada, tayoyinsa da borisansa sai an yo odarsu daga nesa, kuma ba tare da hular kwano da kariyar gwiwa ba karaya tana kusa. Idan ya zo, madalla. Abin da muke so a ɗauka shi ne dabarar: ɗan wuri ƙarami, daɓe mai ƙarfi, a cikin gari, mallakar jama'a, wanda kowane yaro zai shiga ba da tikiti ba.

Daɓe ɗaya, amfani biyu

A nan ne muke ganin yankinmu yana da wata dama da biranen da muka ambata ba su da ita. Shiyyar Funtuwa ƙasar masara ce da dawa da waken suya da auduga. Da kaka ta yi, duk mai bin hanyoyin yankin yana ganin yadda ake shanya amfanin gona a gefen kwalta, motoci na bi suna watsa masa ƙura, dabbobi na ci, mata da yara na zaune bakin hanya cikin haɗari suna gadi. Wanda bai samu kwalta ba sai ya shanya a ƙasa, tsakuwa ta shiga, danshi ya kama. Masarar da ba ta bushe da kyau ba takan yi fumfuna, kuma wani nau'in fumfunar yana fitar da gubar da masana ke kira afalatoksin, mai lalata hanta, wadda kan sa kamfanonin abincin kaji su ƙi sayen kaya ko su karya farashi.

To, filin ƙwallon kwando tsawonsa mita 28 ne, faɗinsa mita 15, wato murabba'in mita 420. Idan aka zuba masa kankare mai kaurin santimita 10, ana bukatar abin da ya kai buhun siminti 250 zuwa 300, kimanin rabin lodin tirela mai ɗaukar buhu 600, sai yashi da tsakuwa waɗanda ba sai an je nesa ba, sai aikin magina na gari. Wannan daɓe zai ɗauki ƙwallon kwando, da ƙwallon raga, da ƙwallon ƙafa na mutum biyar-biyar, da takalmi mai taya, da allon taya idan an samu. Da kaka kuma, makonni kaɗan, ya zama wurin shanya da rana, a kwashe da la'asar yara su shiga. Idan manomi ya san cewa a nan zai shanya masararsa, shi ne zai fara hana dillali kusantar wurin. Kansilan da zai ji nauyin tsayawa gaban jama'a ya ce ya kashe kuɗi a kan wasa, ba zai ji nauyin cewa ya gina wurin shanya ba.

A gefen daɓen sai a bar sarari na rairayi domin kokawa da langa da dambe, wanda ba ya cin komai sai shara da 'yan tifofin yashi. Maƙwabtanmu na Jamhuriyar Nijar sun nuna abin da za a iya yi da wasan gargajiya: tun 1975 suke gudanar da gasar kokawa ta ƙasa wadda ake ba gwarzonta takobi, kuma manyan biranen jihohinsu, har da Maraɗi da ke bakin iyakarmu, kowanne yana da filin kokawa na musamman. Inda wuri ya wadata a ƙara da cikakken filin ƙwallon ƙafa, mai mita 105 da 68, abin da bai kai kadada ɗaya ba. Filin wasa na Muhammadu Dikko da ke babban birnin jiha abin alfahari ne, amma yaron Machika ko Ruwan Godiya ba zai taka shi ba sai ya fara taka na garinsu.

Alhakin wa?

Doka ba ta bar wannan a duhu ba. Jadawali na huɗu na Kundin Tsarin Mulkin 1999, wanda ya lissafa ayyukan ƙananan hukumomi, ya sanya samar da wuraren shaƙatawa da sararin jama'a da kula da su a layi ɗaya da gina hanyoyi da magudanan ruwa. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 kuma ta ba ƙaramar hukuma ikon keɓe fili a karkara domin amfanin jama'a tare da biyan diyya ga wanda abin ya shafa, yayin da filayen da aka ayyana a matsayin birni suke hannun Gwamna. A ranar 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa ba ƙananan hukumomi 774 kuɗinsu kai tsaye. Kowace irin tafiya aiwatar da hukuncin ya yi, ya ƙara wa jama'a ƙarfin tambayar shugaban ƙaramar hukumarsu abin da ya yi da rabonsu.

Gwamnatin Malam Dikko Umaru Raɗɗa, wadda ta hau mulki ranar 29 ga Mayu 2023, ta ƙaddamar da Dakarun Tsaron Al'umma a watan Oktoba na shekarar, da matasa kusan 1,500 a rukunin farko, aka ɗebo su daga garuruwan da abin ya shafa. A 2024 kuma ta ƙaddamar da shirin ci gaban al'umma wanda ya ratsa mazaɓu 361 na jihar, inda jama'ar kowace mazaɓa za su faɗi abin da suka fi buƙata. Ga ƙofa nan a buɗe. Amma idan dattawa ne kaɗai suka halarci taron mazaɓa, filin wasa ba zai taɓa shiga takarda ba. Ya wajaba ƙungiyoyin matasa su je, su je da tsari, da sunan filin da suke nufi da faɗinsa da tarihin mallakarsa.

Aikin farko ba ya buƙatar kwangila. Kowane magaji da masu unguwanninsa su zaga su rubuta duk wani sarari da yara ke wasa a kai yanzu, da filin kowace makarantar firamare. Sashen ayyuka da filaye na ƙaramar hukuma ya auna, a kafa duwatsun iyaka, a rubuta takarda da sunan al'ummar gari, ba da sunan shugaban ƙungiya ko wani ɗan siyasa ba, a ajiye kwafi a ofishin hakimi da sakatariya da makaranta. A shuka darbejiya a kewaye. Bishiya shaida ce da ba ta karɓar cin hanci, kuma 'yan kallo za su samu inuwa.

Abubuwan da za a yi hattara da su

Taron jama'a a yankin da ke fama da hare-hare abu ne da ba a wasa da shi. Don haka fili ya kasance a cikin gari, ba bayan gari ba, kusa da makaranta ko ofishin jami'an tsaro, a yi wasa tsakanin la'asar da magariba, a watse da kiran salla. Gasa tsakanin garuruwa kuwa sai da shawarar jami'an tsaro, kuma a guji tafiyar yamma. A 2025 al'ummomin wasu ƙananan hukumomi, ciki har da Faskari da Sabuwa, sun yi zaman sulhu da mutanen daji. Ra'ayoyi sun sha bamban a kan wannan, kuma masu shakka suna da hujjojinsu. Abin da ba a jayayya a kansa shi ne, akwai yaran Fulani da na Hausawa da suka tashi ba su taɓa zama wuri ɗaya ba, kowa labarin mugunta kawai ya ji game da ɗan'uwansa. Kakanninsu sun yi kokawa a dandali ɗaya ranar kasuwa. Inda hankali ya kwanta har aka ga hali, fili na iya zama wurin da za su fara sanin sunan juna, amma wannan sai da lura, ba da gaggawa ba.

Sai batun 'ya'ya mata, wanda aka fi saurin mantawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kowane yaro mai shekara 5 zuwa 17, namiji ko mace, ya samu aƙalla minti 60 na motsa jiki a kullum. Iyaye da malamai suna da gaskiya idan suka ƙi cakuɗuwar samari da 'yan mata. Maganin haka shi ne a keɓe masu nasu wuri a cikin katangar makaranta, da nasu lokaci, ƙarƙashin kulawar malamai mata, da sutura ta mutunci. Yarinyar da ke yini da farantin talla a tasha ta fi shiga haɗari nesa ba kusa ba a kan wadda ke buga ƙwallon raga a bayan aji.

Haɗari na ƙarshe daga cikin gida yake. Filin da ba mai kula da shi, cikin wata shida zai zama matattarar 'yan ƙwaya da ƙauraye, ko juji, ko tashar babura, ko kuma wani mai ƙarfi ya kafa kanfofi ya fara karɓar kuɗin biki. Kowane fili yana buƙatar kwamiti ƙarami: wakilin magaji, liman, shugaban makaranta, wakilin manoma, wakiliyar mata, da matasa biyu da 'yan'uwansu suka zaɓa. Su za su tsara wa yake da wuri a wane lokaci, su raba kwanakin shanya da kaka, su hana caca a kan wasa, su kuma hana a mayar da shi filin wata jam'iyya idan zaɓe ya ƙarato. Kada a manna hoton kowa a bangonsa.

Game da lokacin aiki, magina sun san cewa kankare yana son a riƙa ba shi ruwa aƙalla kwana bakwai bayan zubawa, kuma ba ya cika ƙarfinsa sai bayan kwana 28. A garuruwan da ruwa ke wahala da rani, lokacin da ya fi dacewa shi ne ƙarshen damina, sa'ad da tafkuna da rijiyoyi suke cike, ta yadda daɓen zai ƙeƙashe daidai da shigowar sabuwar masara. Wannan yana nufin awo da takarda da kafa kwamiti su kammala tun cikin rani, a kuma sa kuɗin simintin cikin kasafin ƙaramar hukuma na shekarar. Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa suna iya farawa da gari ɗaya-ɗaya, sauran mazaɓu su zo su gani da idonsu kafin su yanke shawara.